Tsohuwar Zuma Ko Dafaffen Sukari: Nasiha Kan Wasannin Gem Masu Kama Da Na Da

Ran nan na je gaida yayata a cikin gari, wajen Ƙofar Guga, na tarar da autanta a zaure ya duƙufa kan waya, ko sallamata bai amsa da kyau ba. Na leƙa in ga abin da ya ɗauke masa hankali. Wani ɗan mutum ne ƙanƙane, an zana shi da 'yan ɗige-ɗige masu kusurwa huɗu kamar ɗinkin hula, yana riƙe da butar ban-ruwa yana bin shuka ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Kai, ina ka tono gem ɗin zamaninmu?" Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai na girme shi." Da gaskiyarsa. Sunan wasan Stardew Valley, a 2016 ya fito, kuma wani Ba'amurke mai suna Eric Barone ne ya yi shi shi kaɗai, zane da kiɗa da labari da komai, cikin shekara huɗu da rabi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, ƙannena. Irin waɗannan wasanni sun fara shigowa wayoyinku, kuma iri biyu ne da suka cika tafiya tare. Akwai sabon wasa da aka yi wa shigar tsofaffi da gangan, don ya yi kama da na shekarun 1980 da 1990. Akwai kuma wasan da mutum ɗaya ko 'yan tsiraru suka haɗa a ɗakinsu ba tare da wani babban kamfani ya tsaya musu ba, wanda masu harkar ke kira indi, wato na masu zaman kansu. Dalilin haɗuwarsu a fili yake: wanda ba shi da ma'aikata ɗari biyar ba zai iya zana gumin fuskar ɗan ƙwallo ba, amma zai iya zana ɗan mutum da ɗigo talatin. Ina son waɗannan wasanni, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai wanda ya san zuma shi ya fi kowa sanin cewa a kasuwa akwai masu dafa sukari su zuba a kwalba.

Bari in fara ba ku labarin asalin kamannin da ake kwaikwayo, domin mu mun gan shi da idonmu. Kamfanin Nintendo na Japan ya fito da na'urarsa Famicom a 1983, amma abin da ya iso hannunmu a Katsina bayan shekaru, jabunta ne, tare da kaset mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa cewa wasa dubu ɗari tara da wani abu ne a ciki. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya sai ka tarar ba su wuce goma ba, maimaita su aka yi ta yi da canjin suna. Akwai Mario, akwai Contra, akwai na tankokin yaƙi, akwai na harbin agwagwa da bindigar roba. In kaset ya ƙi tashi sai a zare a hura masa iska a mayar, kowa ya yi tsit kamar ana duba maras lafiya. Daga baya Sega ta shigo da Sonic da Mortal Kombat, sannan PlayStation ta zo ta mayar da kowane gidan gem filin ƙwallo. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, macijin Nokia ya shiga aljihun manya da yara. Dokar gidan gem ɗaya ce: wanda aka ci ya miƙa hannu ga na baya. Sai kuma dokar da ta fi ta ƙarfi, wato ta NEPA, wadda ba ta duba ko kana gab da kashe bos na ƙarshe.

Alherin farko da nake gani a wasannin da suka gaji wancan zamani shi ne sun san darajar kaɗan. Super Mario Bros na 1985 gaba ɗayansa kilobayit 40 ne. Hoto ɗaya da za ka ɗauka da wayarka a wajen biki ya ninka shi sau hamsin ko fiye. Saboda ƙarancin wuri, gajimaren da ke sama da ciyawar da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Gashin bakin Mario da hularsa ma dabara ce: ɗigon da ake da shi bai isa a zana baki da suma ba, sai aka rufe su. Mu da muka tashi muna kallon Hasumiyar Gobarau bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Maginan da suka ɗaga ta ba su da siminti ba su da rodi, ƙasa da azara ke hannunsu, sai suka san halin ƙasar ciki da bai. Mai haɗa wasa da ɗigo kaɗan ba shi da abin da zai rufe aibinsa da shi. In tsallen ɗan mutumin bai yi daɗi a yatsa ba, babu hayaƙi babu walƙiya da za su ɗauke maka hankali daga hakan.

Wannan ƙarancin ya dace da halin da muke ciki fiye da yadda masu yin wasannin suka zata. Manyan wasannin harbi da kuke yayi suna cin gigabayit da yawa kafin ma a fara, kowane 'yan makonni su nemi sabuntawa, su zafafa waya, su shanye caji, kuma ba sa motsi sai da data. Ɗalibin da ke hawa Keke Napep daga Ƙofar Ƙaura zuwa makaranta da 'yar wayarsa mai ƙaramin ciki ya san zafin goge hotunan Sallah don wasa ya samu wurin zama. Da yawa daga wasannin masu zaman kansu kuwa sau ɗaya za ka sauke, ka kashe data, su yi aiki ko a ƙauyen da babu sabis.

Alheri na biyu ya fi wannan girma a wurina, kuma a nan nake so ku tsaya. Wasan da aka sayar maka sau ɗaya ba ya da sauran buƙata a aljihunka. Yana da farko yana da ƙarshe, ka cinye shi ka ajiye kamar littafi. Wasan da aka ce maka kyauta ne kuwa, da me kake tsammani ake biyan ma'aikatansa? Da lokacinka ne, da tallan da ake cusa maka, da lu'ulu'un da ake sayar maka don ka yi wa sojanka sabuwar riga. Shi ya sa yake ba ka kyautar shiga kullum, ya tsorata ka da cewa in ka yi fashin yau ka yi asara. Kuma da yake da mutane kake bugawa kai tsaye, ba ya tsayuwa. Mahaifiyarka ta ƙwala maka kira, ladan ya ta da iƙama, kai kana cewa "bari in gama wannan". Mafi yawan wasannin irin na da suna da maɓallin tsayarwa. Ƙaramin abu ne a ido, amma ni da shi nake fara auna wasa: in na ajiye shi, zai hukunta ni?

Sai kuma 'yancin tunani. Babban kamfanin da ya zuba miliyoyin daloli ba ya son kasada, shi ya sa ƙwallon bana take ƙwallon bara da sababbin riguna. Mutum ɗaya kuwa zai iya gwada abin da ba a taɓa yi ba. A 2013 Lucas Pope ya fitar da Papers, Please, wasan da babu gudu babu tsalle a cikinsa. Kai jami'in kan iyaka ne a wata ƙasa ta ƙirƙira, kana zaune a ɗan akurkin ofis kana duba fasfo, ka buga hatimin shiga ko na komawa. Albashinka ya dogara da yawan mutanen da ka sallama, in ka yi kuskure a yanke maka, ga iyali a gida suna jiran abinci da magani. Sai mace ta zo takardarta ba ta cika ba, mijinta kuma ya riga ya wuce, tana roƙonka. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ya san wannan tagar ta waje. Wasan ya zaunar da kai ta ciki, ya bar ka da zuciyarka. Na daɗe ban ga abin da ya nuna yadda talauci ke lanƙwasa mutumin kirki kamar wannan ɗan wasa mai dusassun launuka ba. Haka Undertale na Toby Fox, na 2015, wanda za ka iya kai wa ƙarshensa ba ka kashe ko dodo ɗaya ba, da lallashi da magana.

To, ga inda sukarin yake.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma rabin cinikin waɗannan wasanni a kan wannan raunin aka gina shi. Mu tsofaffin hannu in muka ga ɗigo-ɗigon nan muka ji ƙarar kiɗan nan mai kama da kukan gyare, ƙuruciyarmu muke tunawa, da abokan da wasu sun rasu wasu sun yi nisa. Wasan ba shi ya yi wannan aikin ba, amma shi ake biya. Ku da ba ku yi zamanin ba, kada wani ya sa ku jin kunyar cewa abu bai yi muku daɗi ba don kawai ya yi kama da na da. Na koma na buga wasu daga cikin waɗanda muke rantsuwa da su muna yara, wallahi da yawansu ba su da kan gado. Rashin wani ne ya sa muka so su.

Babban abin da aka gado ba tare da tambaya ba shi ne wahala. A Contra harsashi ɗaya ke kashe ka, rai uku gare ka, shi ya sa duk yaron da ya san sirrin samun rai talatin ya zama sarki a unguwa. Mutane suna ɗauka wannan tsanani wata tarbiyya ce. Asalinsa kasuwanci ne. Wasannin farko a cikin akwatuna suke a shaguna, sai ka jefa kuɗi suke tashi, don haka ribar mai akwati ita ce ka mutu da wuri ka sake jefawa. Da aka dawo da su gida kuma, kaset ba ya ɗaukar abu mai yawa, wasan da gwani zai gama cikin awa ɗaya dole a tsaurara shi ya kai ka wata uku, don kada ka ce an cuce ka. Yau babu akwati babu ƙarancin wuri, amma wasu suna mayar da kai farkon mataki bayan wahalar minti ashirin, su ce haka ake yi a da. Masu hankali a cikinsu sun rarrabe. Shovel Knight na 2014 ya yi kama da na Nintendo sak, amma bai ƙidaya maka rai ba, dukiyarka kawai kake zubarwa in ka mutu, kuma kana iya komawa ka kwashe. Celeste na 2018 yana da wuya ƙwarai, sai dai inda ka faɗi nan kusa kake tashi, kuma an sa masa hanyar rage gudu ga wanda yatsunsa ba su kai ba. Wahalar da ke koya maka abu daban take da wadda ke cin lokacinka kawai, kuma bayan mutuwa goma za ka gane wacce ke gabanka: ko ka san laifinka, ko ba ka sani ba.

Sannan akwai yawa. A kasuwar Steam kaɗai, inda ake sayar da wasannin kwamfuta, sama da wasa 14,000 suka fito a 2023. Kaset ɗinmu mai ruwan ɗorawa ne ya dawo da girmansa: suna dubbai, abin kirki ƙalilan. Zanen ɗigo ya zama mafakar malalaci, domin wanda bai iya zane ba yana iya cewa salo ne. Wasu kuma tun ba su gama ba suke sayarwa da alkawarin za su ƙarasa, kuɗi su ƙare ko zuciya ta mutu, a bar ka da kango. Ko sanannun mutane sun yi wannan ta'asa. A 2013 Keiji Inafune, wanda ya yi suna da wasannin Mega Man, ya nemi gudummawar jama'a don ya yi sabon wasa irin na da mai suna Mighty No. 9. Aka tara masa kusan dala miliyan 4. Bayan ɗage-ɗage ya fito a 2016, waɗanda suka zuba kuɗinsu suka yi ta cizon yatsa.

Kada kuma ƙanƙantar wasa ta sa ku saki jiki da shi. Flappy Bird ɗan tsuntsu ne kawai da ke ratsa tsakanin bututai, wani ɗan Biyetnam mai suna Dong Nguyen ya yi shi a 2013. Da ya game duniya, shi da kansa ya cire shi daga kasuwa a Fabrairun 2014, a lokacin da ake cewa yana samun dala 50,000 a kullum daga talla, ya ce abin ya zame wa mutane jaraba. Mai Vampire Survivors, Luca Galante, ya taɓa aiki a masana'antar na'urorin caca kafin ya yi wasansa, kuma duk wanda ya ga yadda akwatin kyauta ke buɗewa a ciki, da walƙiya da ruwan tsabar zinariya, ya san inda aka koyo darasin. Ba a cin kuɗinka a ciki, gaskiya ne. Amma ƙaiƙayin da yake sosawa shi ne wanda shagunan caca na ƙwallo ke rayuwa a kansa, kuma kun san samarin da wannan ya kai su ya baro. Haka nan kowane wasa da al'adar mai shi yake zuwa. A ƙauyen Stardew Valley akwai mashaya, ana kuma dafa giya a sayar. Mai hankali ya san abin da zai ɗauka da wanda zai tsallake, amma ƙaninka ɗan shekara takwas da ke karɓar wayarka bai sani ba tukuna.

Na ce wa ɗan yayata, cikin wasa, ga shi yana noma gonar kakan wani a waya alhali ta kakansa tana nan ba ya leƙawa. Ya ce, "Kawu, a nan kwana huɗu shuka ke nuna, kuma ba a tare hanya." Na yi shiru, domin rabin maganarsa na biyu ba abin dariya ba ce ga duk wanda ke da dangi a yammacin jihar nan.

Akwai maganar da ba a son yi, ta yadda wasannin ke zuwa hannunmu. Mafi yawa ba saye ake yi ba. Ana turo su ne daga waya zuwa waya, ko a sauko da wanda aka fasa daga wani shafi da ba a san mai shi ba. Na san uzurin: dala ta yi tsada, kuma biya da katin naira ba kullum yake tafiya ba. Amma ku san abu biyu. Wanda ya fasa wasa ya ba ka kyauta yana iya cusa wani abu a ciki, kuma a wayar nan asusun bankinka yake. Na biyu, haƙƙi haƙƙi ne ko na wanda ba ka taɓa gani ba, balle na mutum ɗaya da ya kashe shekarunsa a kai. In ba ka da halin saye, akwai na halal kyauta masu yawa. Cave Story, wanda Daisuke Amaya na Japan ya shekara biyar yana yi shi kaɗai a lokacin hutunsa, kyauta ya sake shi a 2004, kuma har yau ana koyi da shi. Shafin itch.io cike yake da irinsa.

Yanzu ga waɗanda zuciyarsu ta fara raya musu cewa su ma za su iya. Za ku iya, kuma saboda ku na fi yin wannan rubutu. Sai dai ku ji labarin duka. Za a gaya muku Markus Persson na Suwidin ya fara Minecraft shi kaɗai a 2009, Microsoft ta saye kamfaninsa a 2014 kan dala biliyan 2.5. Za a ce Stardew Valley ya sayar da kwafi sama da miliyan 30. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a shekarun da Barone yake aikin, aikin wucin gadi yake yi a gidan kallo, abokiyar zamansa ke ɗauke da yawancin nauyin gida. 'Yan'uwa biyun Kanada da suka yi Cuphead na 2017, wanda aka zana kowane motsinsa da hannu, sai da suka jinginar da gidajensu. Su sun ci. Dubban da suka yi irin wannan kasada suka faɗi ba wanda ya rubuta labarinsu. Kada wanda ya bar karatu ko ya sayar da kekensa na sana'a saboda wannan ya ce ni na aike shi.

Hanyar da nake ganin ta fi ita ce ta ƙaramin farawa, da dare bayan an gama abin da ya wajaba. Kayan aikin ba su da tsada yanzu. Scratch kyauta ne, yara ma suna koyo da shi. Godot, wanda wasu 'yan Ajantina biyu suka faro, kyauta ne kuma tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa. Rajistar sa wasa a Google Play dala 25 ce sau ɗaya. Maƙwabtanmu sun riga sun gwada. A Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun yi fama da ɗaukewar wuta irin tamu har suka fitar da Aurion a 2016. A Yamai an yi Les Héros du Sahel. A Legas, Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a 2012 ta yi wasan kashe sauro, ta yi na ɗan acaɓa, har da wani mai suna Aboki Run. Ku lura da sunan nan. Kalmarmu ta riga mu shiga kasuwar.

Kuma in za ku yi, don Allah kada ku kwaikwayi kewar wasu. Ba'amurken da ke zana ɗigo yana tuna ɗakin mahaifinsa ne na 1988. Ku naku abin tunawar daban ne: rijiyar Kusugu da macijinta, wayon Gizo da Ƙoƙi, langa, tashe, hawan Sallah daga Ƙofar Soro, fataken da ke ratsa Sahara su sauke kaya a birnin nan, baƙon da ke neman hanyar fita ta ƙofofin ganuwa kafin a rufe su da magariba. Ko waɗannan sun yi nisa, ga dara. Gurbi talatin, 'ya'ya goma sha biyu kowane ɓangare, ka jera uku ka ci ɗaya. Ba ta buƙatar gwanin zane, ba ta buƙatar data, kuma dokokinta sun sha gwaji a hannun tsofaffi fiye da kowane wasa da ke wayarka. Ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Al-Qalam ko Kwalejin Hassan Usman zai iya haɗa ta cikin hutu ɗaya.

Wanda ya fara, ya je gindin bishiyar da dattawan unguwarsu ke buga ta bayan la'asar, ya gaishe su, ya zauna ya koyi dokokin daga bakinsu kafin ya taɓa kwamfuta. In ya gama, ya rubuta komai na cikinta da Hausa, ya kai musu wayar su fara gwadawa.